Gajeren Adireshi a Manazartar Kundin Digiri



Kowa a zauren nan ya san gajeren adireshin intanet, irin su bit.ly da tinyurl da goo.gl, ba sai na tsaya bayani ba. Abin da ya kawo ni shi ne maganar da na daɗe ina yi a zaman kwamitin manyan digiri, ana ce mini ƙaramin abu ne. Bai kamata mu karɓi kundin digiri ko maƙalar mujalla ko rahoton hukuma mai ɗauke da irin wannan adireshi a manazartarsa ba.

Kwanan baya na sauko da wani kundin digiri na biyu daga kanta, mai baƙin bango, na shekarar 2017, a kan farashin hatsi. Ɗalibin ya kafa babbar hujjarsa da wani rahoto, a manazarta kuwa ya rubuta taken rahoton a taƙaice, sai goo.gl da haruffa shida. Na zauna ina buga su ɗaya bayan ɗaya, ina lura da babban baƙi da ƙarami, don kuskuren harafi ɗaya kan kai mutum wani wuri dabam. Ba abin da ya fito. Da dogon adireshi ya sa, ko ya mutu gawarsa za ta yi magana: ga sunan ma'aikatar, ga shekara, ga sunan fayil. Da waɗannan sai in nufi Wayback Machine na Internet Archive in nemi tsohon kwafi. Haruffa shida kuwa ba su da ma'ana sai a rajistar kamfanin da ya ba da su. Yaron nan ya yi aikinsa tsakani da Allah, mu da muka sa hannu a kundin ne ba mu hana shi ba.

Ku dubi yadda aka yi da goo.gl ɗin nan. Google ya buɗe shi a Disambar 2009. A 2018 ya sanar zai daina, zuwa ƙarshen Maris 2019 ya rufe ƙirƙirar sababbi, tsofaffin kuma suka ci gaba da aiki. A Yulin 2024 sai ya ce duka za su daina aiki ranar 25 ga Agustan 2025, hujjarsa ita ce fiye da kashi 99 cikin ɗari na adireshin ba wanda ya taɓa su a watan da ya gabata. Da koke ya yi yawa, a farkon Agustan 2025 ya sassauta: waɗanda ake amfani da su za su rayu, waɗanda ba su nuna motsi ba a ƙarshen 2024 su za a kashe.

Wasu abokan aiki sun turo mini labarin sassaucin, wai magana ta ƙare. Ni a wurina nan ne ma ta fara. Ma'aunin da aka sa shi ne yawan masu latsawa. To, ku gaya mini, wane adireshi ne ba ya samun mai latsa shi na wata da watanni? Ai na manazarta ne. Na ƙasan shafi a hukuncin kotu, na rahoton kwamitin bincike, na kundin da ke kwance a kanta sai bayan shekara goma wani ɗalibi ya zo nemansa. Adireshin talla da na bidiyon da ke yawo a waya suna samun dubban latsawa, su ne suka tsira. Namu shirunsa shi ne ɗabi'arsa, don hujja ba kullum ake buɗe ta ba, ajiye ta ake yi saboda ranar da wani zai yi gardama. Kamfani yana lissafi da wata guda, mu muna rubutu don shekara hamsin. Wannan kashi 99 da aka kira marasa motsi, a cikinsu ne kundayenmu suke. Kuma fa Google ne, ba talauci ya sa shi ba. Ina ga ƙaramin kamfanin da ba mu san mai shi ba?

Ba yau aka fara ba. A 2009 wani shafin gajarta adireshi mai suna tr.im ya sanar zai rufe, hankalin mutane ya tashi. Sannan .ly da ke ƙarshen bit.ly na ƙasar Libiya ne, kuma a 2010 hukumar rajistar can ta ƙwace wani shafin gajarta adireshi, vb.ly, saboda abin da ke shafin ya saɓa wa ƙa'idojinta. Hujjar ɗalibinmu tana rataye da kamfanin wata ƙasa da dokar wata ƙasar.

Ana ce mini dogon adireshi ma yana mutuwa. Haka ne. Binciken Zittrain da abokansa a Harvard a 2014 ya nuna kusan rabin adireshin da ke hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kai mutum ga abin da aka ambata. Wanda ya san ƙofa ɗaya tana iya kullewa, me zai sa ya ƙara ta biyu a gabanta, makullin kuma a hannun baƙo? Masu cewa dogon adireshi yana ɓata tsarin shafi kuwa, layi biyu ne kawai.

Abin da nake nema daga kwamiti bai canza ba. Inda akwai DOI, wato lambar dindindin da ake ba maƙala, a sa DOI. Inda babu, a rubuta cikakken adireshi da ranar da aka duba shi, ɗalibi ya adana shafin a Wayback Machine kafin ya miƙa kundi, ya kuma kawo wa laburare kwafin PDF tare da shi. Kundayen da ke kanta kuma, a ba ni ma'aikata biyu na zango ɗaya, mu bi manazartarsu, mu buɗe gajerun adireshin da har yanzu ke da rai, mu rubuta inda kowane yake kaiwa tun kafin wani kamfanin ya fitar da tasa sanarwar.