Wa Zai Tsaya Mana? Jawabin Ofishin Akawu a Bikin Cika Shekara

 

Shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwa fatake: muna godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Dattawa sun ce mu yi magana a kan abin da ya fi yawan kawo ƙara ofis a bana. Ba kwastan ba ne, ba kuma Paga ko Aflawo ba. Filin da muke aje kwantena ne.

Ga yadda abin ke faruwa. Mutum ya ga fili a Asawase ko Aboabo, ya daidaita da mai wurin da baki, ya biya adibas na shekara biyu, ya zuba siminti, ya ja wuta. Ya tafi Nijar saro albasa. Kafin ya dawo an shafa wa kwantenar jan fenti, an ce ya ɗauke. Mai fili ya ce kuɗi sun riga sun shiga hidima. Kuɗin motar ɗagawa, da fasa simintin, da kwashe shara, duk a kan ɗan'uwanmu.

Mu fara da abin da doka ta ce. Tun 2012 aka cire yankinmu daga KMA, muka koma ƙarƙashin Asambilin Asokore Mampong. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, wato Act 936, ta hana kafa gini ba tare da izinin Asambili a rubuce ba. Famit ɗin da ake ba kwantena da kiyos na wucin gadi ne. Ana sabunta shi, kuma bai mayar da fili naka ba. Yawancin ƙasar Kumasi ta kujerun sarautar Asante ce, a ƙarƙashin Otumfuo Osei Tutu II. Sau da yawa wanda muke kira mai fili shi ma haya ce mai dogon wa'adi a hannunsa. 'Yan'uwanmu da ba su da takardar zama ɗan Gana kuma su sani, tsarin mulkin 1992 bai yarda a ba baƙo hayar ƙasa fiye da shekara 50 a lokaci ɗaya ba.

A wasu biranen Amurka, kafin a ba da izinin kasuwar ɗan lokaci, sai mai fili ko mai nema ya aje kuɗin lamuni a hannun hukuma. In wa'adi ya cika aka share wuri, a mayar masa. In bai share ba, a yi aikin da kuɗinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Zamanin fataucin goro, bafatake ba ya sauka sai a gidan maigida, shi ke aje kaya, shi ke tsaya masa in an ci bashi. Yau muna biyan adibas, amma babu wanda ya tsaya mana.

Mun kuma ga yadda aka tashi 'yan kasuwar Kejetia da aka fara sabon gini a 2015, aka kai wasu Racecourse. In har za a tashi Kejetia, kwantenar bakin hanya fa?

Saboda haka ofis na roƙon abu huɗu. Na ɗaya, kada kowa ya biya adibas kafin ya ga takardar da ke hannun mai fili. Na biyu, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a sa wa'adin sanarwa, a sa cewa in an tashe ka kafin lokaci za a mayar maka da ragowar kuɗinka. Na uku, famit ya fito da sunanka, ka kawo mana kwafinsa da rasit. Kada ka kafa a bakin rafin Aboabo ko kan kwata, komai arhar wurin. Na huɗu, muna kawo shawara gaban dattawa a buɗe asusun lamuni irin na susu. Ragowar adibas ta zauna a nan, ana ba mai fili kashi-kashi, a kuma ware kuɗin ɗaga kwantena tun ranar farko.

Wanda ke da yarjejeniyar baki a yanzu, ya zo ofis bayan sallar Juma'a mu rubuta ta tare, ba a biyan ko sisi.

Allah ya tsare hanyoyinmu, ya sa albarka a kasuwa, ya jiƙan magabatan da suka kafa wannan ƙungiya.