Zaman Sababbin Zuwa a Akra da Fitarmu ta Lokacin Hutu

Shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata da suka baro aikin gida suka zo, da 'yan'uwa da suka tsallako iyaka daga Lome da Kwatano da Yamai da Kano saboda wannan rana, muna yi muku barka da zuwa, sannunku da hanya.

A bana kwamitin shirya taro ya ce kada ofishin magatakarda ya tsaya ga karanta kuɗin shiga da na fita kawai. An ce mu yi magana da yawun sababbin zuwa, wato mu da a da muke kawo kaya Akra mu sayar mu juya, amma yanzu muka kama ɗaki, muka ɗauko iyali, muka zauna. Abin da za mu faɗa abin da muka gani ne, da abin da ake kawowa ofis kullum. In mun yi kuskure, dattawa su gyara mana.

Abu na farko da muka gane shi ne, zuwa fatauci daban, zama daban. Mai zuwa fatauci ya san Aflawo ko Paga, ya san masaukinsa, ya san dillalinsa, in ya sayar da albasarsa ko ya sari goronsa sai ya kama hanya. Amma ranar da ka shigo da mata da 'ya'ya, ranar za ka san cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Mu fara da takarda, domin nan ne yawancinmu muka fi sakaci. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasa ba tare da biza ba, ya yi kwana 90. Wanda zai zauna fiye da haka sai ya nemi izinin zama a hukumar shige da fice, ya kuma yi katin shaida na baƙi, wanda ake sabuntawa duk shekara. Da katin nan ake rajistar layin waya, da shi ake buɗe asusun banki. Katin allurar shawara ma ana tambayarsa a iyaka. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka tunda muna jin Hausa, maƙwabtanmu ma suna ji, to mun zama 'yan gida. Hatimin da ke cikin fasfo kuwa lissafinsa yake yi. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi kowa bukatar lura, tunda ƙasar ta fita daga ECOWAS a watan Janairun 2025. An ce za a ci gaba da karɓar takardunsu har sai an sanar da wani abu, to abin da aka ce har sai an sanar, mai hankali ba ya kwanciya a kansa.

Sai ɗaki. A Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina da Ashaiman, mai gida zai ce ka biya kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ko da yake dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa. Wannan kuɗi daga jari yake fita. Akwai ɗan'uwanmu da ya ba wani da ya ce shi dillali ne kuɗin shekara guda, ba rasit, ba shaida, da ya zo da katifarsa sai ya tarar da wani a ɗakin. Har yau maganar tana hannun dattawa. Shi ya sa muke roƙo, kada wanda ya miƙa kuɗin haya sai da mutum biyu na ƙungiya da takarda mai sa hannun mai gida.

Kuɗin ma sai an koya. A 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, amma har yanzu akwai tsofaffi a kasuwa da suke lissafi da tsohon kuɗi. In wata uwa ta ce maka miliyan ɗaya, sidi 100 take nufi. Mun ga sabon zuwa da ya bar ciniki ya tafi saboda an ce masa miliyan biyu, alhali kuɗin yana aljihunsa.

Ta fannin abinci mun gode Allah, ba mu sha wahala ba. Da safe ga koko da ƙosai a kowace kwana, kuma duk garin da sunan Hausa suke kiran kokon. Wake da shinkafa da suke ce wa wace, sunan daga bakinmu ya fito. Tuwon zafi ma haka. Abin da ya ɗan ɗauke mu lokaci shi ne dokunu da banku, saboda tsami, da yajin nan baƙi da suke kira shito. Yanzu yaranmu su ne suke kuka in ba a sayo ba. Hausar zango ma ta ba mu dariya da farko, da muka ji ana ce wa mace ya zo, ya tafi. Su kuma suna yi mana dariya cewa Hausarmu ta rediyo ce. Amma a cikin trotro da asibiti da ofis, Turanci ne da Tonanci da yaren Ga, kuma wanda ya iya gaisuwa da godiya da harshen masu gari, yana ganin bambanci a fuskar mutane.

Akwai abubuwa biyu na garin nan da ya kamata a gaya wa kowane sabon zuwa tun ranar farko. Na ɗaya, ruwa. Damina biyu ake yi a nan, babbar daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba. Ɗakin da yake da araha a bakin babbar kwata, akwai dalilin araharsa. Waɗanda suka riga mu suna tuna daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobara suka haɗu a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutane kimanin 150 suka rasu. Na biyu, kafin bikin Homowo, sarakunan Ga sukan hana kiɗa da hayaniya na tsawon wata guda, wajen Mayu zuwa Yuni. Wanda ya sa ranar suna ko biki a lokacin, ya yi shi a cikin gida ba lasifika. Garinsu ne, al'adarsu ce, mu baƙi ne.

Yanzu mu zo kan abin da ba mu cika faɗa a taro ba, wato halin matanmu da 'ya'yanmu. Mu maza da asuba mun fita. Mai albasa ya nufi Adjen Kotoku, inda aka mayar da kasuwar daga Agbogbloshie a 2021, mai shanu ya nufi Tulaku, mai canji da mai atamfa sun nufi Tudu. Muna haɗuwa da mutane, muna hira, muna jin labarin gida. Ita kuwa matar da aka ɗauko daga gidan yawa a Maraɗi ko Sakkwato, inda ga uwar miji ga faccaloli ga maƙwabta, sai ta wayi gari a ɗaki ɗaya, ba ta san kowa ba, ba ta san hanyar asibiti ba. Akwai wadda ta yi wata huɗu ba ta wuce bakin famfon unguwa ba. Akwai wadda ta ce a mayar da ita gida, aka ɗauka rashin haƙuri ne, alhali kaɗaici ne yake cin ta. Yara kuma, musamman waɗanda suka fara karatu da Faransanci, sukan zauna a gida ana cewa sai an natsu. Ga makarantun gwamnati na sashen ilimin Musulunci, da ake koyar da Turanci da Larabci tare, a unguwanninmu suke. Wata shida da yaro ya yi a gida, shekara guda ce ta tafi.

Wannan ne ya sa muka fara fita tare lokacin hutu. Mun san akwai dattawan da suka ce yawon buɗe ido aikin wanda ba shi da abin yi ne. Muna neman afuwa, bari mu faɗi abin da fitar ta yi mana.

Fitarmu ta farko da ƙaramar Sallah ce. Muka je idi a dandalin 'yancin kai da ke bakin teku, bayan babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu. Da yamma muka tsaya a babban titin Nima muka kalli hawan sarakunan zango, da dawakai da kakaki, har wata daga cikin iyayenmu ta share hawaye ta ce ashe ba a bar ta a daji ba. Washegari muka kai iyali babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, daga nan muka wuce hubbaren Kwame Nkrumah, inda yara suka ji labarin ranar 6 ga Maris 1957. A ranar ne matanmu da yawa suka fara ganin juna. Daga wannan fita aka samu adashin mata, kuma yanzu in wata za ta je awo, akwai mai raka ta.

Da babbar Sallah muka ɗauki mota biyu muka hau dutse zuwa lambun Aburi, wanda aka buɗe tun 1890. Muka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin manyan itatuwa, aka buɗe kulolin soyayyen nama, yara suka yi ta gudu a kan ciyawa. Mutumin da ya saba da ƙurar kasuwa da zafin ɗakin kwano, iskar wurin kaɗai magani ce. A nan ne ma wasu 'yan'uwa biyu da suka daɗe ba sa ga maciji saboda bashi suka zauna a tabarma ɗaya, dattijo ya shiga tsakani, aka tsayar da ranar biya.

Tafiyar da ta fi taɓa mu ita ce ta Kef Kos da Elmina. Mun shiga gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, muka ga kurkukun da ake tara bayi, da ƙofar da in an fita ba a dawowa. Mai yi mana bayani ya ce da yawansu daga arewa aka gangaro da su, ya ambaci kasuwar Salaga. Sai muka yi tsit, domin Salaga ita ce kasuwar da kakanninmu suke zuwa sarin goro, garin da Malam Umaru, haifaffen Kano, ya zauna kafin yaƙin 1892 ya watsa mutane, ya ƙare rayuwarsa a Karaci a 1934. Mun dawo mota ba mai magana. Hanyar da muke bi da tirela yau tsohuwa ce, kuma ba goro kaɗai aka bi da shi ta kanta ba. Yaranmu sun yi tambayoyin da ba mu da amsarsu, amma gara sun gani.

Sai dai dole mu faɗi inda muka yi kuskure. A wannan tafiya, a wani shinge, aka nemi takardu, sai ga mutum uku kwanakinsu sun ƙare tun tuni. Muka yi awa uku a rana da mata da jarirai, kuma laifin namu ne da ba mu duba ba kafin a tashi. Na biyu ya fi muni. A bakin teku, wani yaronmu ɗan shekara 11, wanda ya saba wanka a gulbi, ya shiga ruwa, igiya ta ja shi. Masunta ne suka fito da shi, ranar kuwa Talata ce, ranar da ba sa fita kamun kifi, shi ya sa suna zaune a gaɓa suna ɗinkin koma. Mu manya muna can muna lissafin kuɗin mota. Teku ba gulbi ba ne, yana ja ta ƙasa ko da samansa ya yi lumus. Da an rasa yaron nan, da wace fuska za mu kira kakarsa a waya?

Kafin mu zo ga roƙonmu, mu tuna wa juna inda muke tsaye. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a rumfar kasuwa da talla, ta kuma sa wa baƙon da zai buɗe kamfanin saye da sayarwa jarin dala miliyan ɗaya da ɗaukar 'yan ƙasa 20 aiki. A kan wannan aka rufe shagunan baƙi a Akra da Kumasi a 2019 da 2020. Dattawanmu sun ga 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, sun kuma ga 1983, da Najeriya ta kori 'yan Gana. Ba don tsoratarwa muka kawo wannan ba. Muna so ne kowa ya san cewa zaman baƙo da takarda da kyakkyawar mu'amala yake tsayuwa, kuma abin da ɗayanmu ya yi a mota ko a bakin teku, da sunanmu duka ake rubuta shi.

Saboda haka sababbin zuwa suna roƙon taro abu huɗu. A buɗe rajista a ofis, duk wanda ya sauka da iyali a rubuta sunansa da unguwarsa da ranar da takardarsa za ta ƙare, mu riƙa tuna masa wata guda kafin lokaci. A haɗa kowane sabon gida da wani tsohon gida da zai nuna masa asibiti da makaranta da kasuwa, kuma iyayenmu mata su jagoranci wannan. A ware wani abu daga kuɗin wata domin fita sau biyu a shekara, yadda wanda kuɗin haya ya cinye jarinsa ba zai bar iyalinsa a ɗaki ranar Sallah ba. Sannan a sa doka cewa ba motar da za ta tashi sai an duba takardar kowa, an kuma naɗa manya masu lura da yara, kuma ba yaron da zai taɓa ruwan teku sai hannunsa yana cikin na babba.

Waɗanda suka kafa ƙungiyar nan su ma an taɓa tarbarsu. Malam Bako da ya kafa Sabon Zango, masauki ya yi wa baƙi, kuma a inuwar irin wannan aiki muke zaune. Zumunta a ƙafa take. Muna fata kafin a tashi yau shugaba zai sa waɗannan buƙatu gaban taro a yanke shawara, domin akwai iyalai da suke hanya, za su iso kafin Sallah mai zuwa.

Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasar da ta karɓe mu da ƙasashenmu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.