Sauke Sau Ɗaya, Kowa Ya Samu: Sarrafa Manhajojin Linux a Inda Sabis Ba Shi da Tabbas



A watan Satumba na 2021 hukumar NCC ta ba da umarnin rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. Gusau aka fara maido wa sabis, sauran ƙananan hukumomi irin su Tsafe da Bungudu suka ci gaba da jira. Ga tambayata ga masu kula da ɗakunan kwamfuta: a wancan lokacin, da wata na'ura ta buƙaci sabuwar manhaja, daga ina za ta fito?

Wanda ke amfani da Debian, wadda Ian Murdock ya assasa a 1993, ko Ubuntu da ta fito daga cikinta a 2004, yana da amsa, in dai ya yi tanadi. A nan manhaja takan zo ne a ƙunshe cikin fayil mai ƙarewa da .deb, ɗauke da jerin sauran ƙunshe-ƙunshen da ba ta aiki sai da su. In ka rubuta sudo apt install libreoffice, na'urar ce za ta bi jerin, ta faɗa maka megabait nawa za ta ci, sannan ta tsaya ta jira izininka. Wannan tsayawar tana da daraja ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa.

Ɗalibai sukan rikita umarni biyu. Shi apt update ba ya sabunta komai, jerin abin da ke rumbun manhajoji kawai yake ɗaukowa. Sai ka ce apt upgrade sannan a fara sauke kaya.

To, ga inda nake so mu daɗe. Abin da apt-get, ɗan'uwan apt, ya sauke yakan zauna a /var/cache/apt/archives. Amma a kula, apt na zamani yakan share fayilolin da zarar ya gama sakawa, sai in an ƙara masa --download-only. Waɗannan fayiloli ana iya kwashe su a filashi, a hau mota zuwa Tsafe, a saka su da dpkg -i a na'urar da ba ta taɓa ganin intanet ba, muddin fitowar tsarin iri ɗaya ce kuma an haɗa da duk abin da manhajar ta dogara da shi. In aka bar ɗaya, dpkg zai tsaya cak ya ambaci sunan abin da ya rasa. A ɗakin kwamfuta kuwa, kamar na Jami'ar Tarayya da ke nan Gusau, na'ura ɗaya mai apt-cacher-ng ta isa ta zama rumbun gida: ita ke saukewa sau ɗaya, saura su ɗiba daga wurinta.

Wani zai ce ai mun saba yawo da manhaja a filashi. Haka ne, amma wace iri? Wadda aka fasa mata makulli, ba a san hannun da ta bi ba, sau tari da ƙwayar cuta a ciki. Rumbunan Debian da Ubuntu suna da sa hannun sirri, kuma apt ba ya yarda da rumbun da sa hannunsa bai inganta ba. Sai dai dpkg shi kaɗai ba ya yin wannan binciken, don haka mai ɗaukar filashin ya gwada lambar sha256sum ta kowane fayil da wadda rumbun ya bayar kafin ya saka.