Sanda Mai Ƙafa Ɗaya: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Sayi Monofod

Daga nan Baure, ƙasar Daura, nake magana da ku, kuma zancen yau na masu ɗaukar hoto da bidiyo ne, musamman ƙannenmu da suka fara karɓar aikin biki, suna, saukar karatu da hawan salla. Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce: me ya sa bidiyona yake rawa, kuma wane sitan zan saya? To yau za mu zauna a kan monofod, wato sandar nan mai ƙafa ɗaya da ake ɗora wa kyamara.

Mu fara da rawar kanta. Hannun ɗan Adam ba ya tsayawa cak, ko numfashi ka ja sai kyamara ta motsa. Idan abin da kake ɗauka yana kusa, ba a cika gani ba. Amma da zarar ka jawo abu daga nesa, to har rawar ka jawo. Shi ya sa masu hoto suke da wata tsohuwar ƙa'ida: idan tsawon lens ɗinka milimita 200 ne, kada saurin shata ya gaza 1/200. Wannan a hoto ke nan. A bidiyo kuwa babu wannan mafakar, don galibi muna ɗauka a firam 25 cikin daƙiƙa, shata a 1/50, kuma ko ka ƙara saurin, mai kallo zai ga allon yana jijjiga. Wanda ya biya ka ba ruwansa da wannan lissafi. Shi dai ya ga fuskar amaryarsa tana karkarwa, badi kuma ya kira wani.

Wani zai ce, to ai sai in sayi mai ƙafa uku. Yana da amfaninsa, wajen wa'azi ko hira, inda za ka kafa ka zauna. Amma ka tuna yadda ƙofar fadar Sarkin Daura take cika ranar Hawan Magajiya, ko lokacin Sallar Gani. Hakimai sun zo da tawagoginsu, 'yan bindiga suna harbi sama, dogarai suna gyara hanya, mutum a jikin mutum. Ina filin da za ka baza ƙafa uku? Kuma idan doki ya yo kanka, kafin ka naɗe su an wuce wurin. Shi kuwa monofod, wurin da tafin ƙafarka zai taka ya ishe shi, hannu ɗaya ka ɗauke ka matsa. Sai gimbal, mai daidaita kansa da lantarki. Yana da daɗi idan kana tafiya kana ɗauka, amma da batir yake aiki, kuma duk nauyin yana kan hannunka har a tashi. Sanda ba ta neman caji, ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke.

Yauwa, to me za ka duba?

Na farko, nauyin da za ta iya ɗauka. Kada ka yi kirdado, ka lissafa. Misali, Canon 5D Mark III ya kusa kilo 1, lens na 70-200 mai f/2.8 kuma wajen kilo 1 da rabi. Ka ƙara makirfo da kan da za ka ɗaura, ka haura kilo 3. Shawarata, ka nemi wadda aka rubuta tana ɗaukar ninkin kayanka, don kai ma za ka riƙa jingina nauyinka a kai idan ka gaji. Sandar da aka yi don waya, kada ka ɗora mata irin wannan kaya.

Na biyu, tsawo. Ka miƙe ta, ka ɗora kyamara, ka tsaya. Idan sai ka sunkuya idonka zai kai, a bar ta, don awa uku a haka bayanka zai gaya maka. Kuma ka duba gaɓoɓinta. Mai gaɓa biyar tana naɗuwa ƙarama, tana da daɗin ratayawa a kan babur daga Baure zuwa Daura, amma gaɓar ƙarshe siririya ce, tana lanƙwasa. Mai gaɓa uku ko huɗu ta fi tsayawa da ƙarfi.

Na uku, kuma nan ne nake so ku saurara da kyau, makullan gaɓoɓin. Iri biyu ne: akwai na murɗawa, akwai na ɗallewa. A ƙasarmu ta rairayi, bakin iyaka da Nijar, ƙura ce babbar abokiyar gaba. Lokacin hunturu, ko ranar hawa da kofato ya tayar da ƙasa, ƙura tana shiga ko'ina. Na murɗawa idan yashi ya shiga zarensa za ka ji yana gurzawa, sai ka kwance ka goge, amma aƙalla yana kwantuwa da hannu. Na ɗallewa ya fi sauri, kuma da ido za ka san ya kulle ko bai kulle ba, sai dai yana saki idan ya daɗe. Don haka ka tabbata yana da ɗan kusar da ake ƙara ɗaurewa. Idan roba ce zalla aka manne, ranar da ta saki shi ke nan. Kuma don Allah kada ka shafa masa man girki ko baƙin mai, mai yana kama ƙura ne.

Na huɗu, da me aka yi ta. Akwai ta alminiyam, akwai ta kabon. Ta kabon ta fi rashin nauyi, ta fi tsada. Ta alminiyam ta fi sauƙin kuɗi, idan ta bugu tana lotsawa ne, ita kuwa ta kabon tsagewa take. Ga mai farawa, alminiyam ta wadatar. Ka dai duba akwai soso a mariƙi, don a ranar watan Afrilu ƙarfen yana zafi sosai. Dukkansu biyun kuma lantarki yana bin su, saboda haka idan ka ɗaga sama don ka ɗauko taro, ka fara duba wayar wuta.

Na biyar, ƙasa da sama. A ƙasa, wasu suna da roba kawai, wasu da tsini a ciki don ƙasa mai laushi, wasu kuma irin na Manfrotto, Benro ko Sirui suna da 'yan ƙananan ƙafafu uku masu buɗewa. Waɗannan suna taimakawa wajen juya kyamara a hankali idan kana bin mahayi. Amma kada su ruɗe ka, ba mai ƙafa uku ba ce. Ka sake ta ka juya gaisawa, iska ko gefen rigar wani ya isa ya kifar da jarinka gaba ɗaya. A sama kuma, ka duba kusar. Ƙasan kyamara yana karɓar mai kwatan inci, kawuna da yawa kuma 3/8 suke so. Sanda mai kyau tana zuwa da duka biyun. Mai bidiyo ya nemi kai mai santsi wajen juyawa. Mai dogon lens kuma ya ɗaura sandar a zoben lens ɗin, ba a jikin kyamara ba, don nauyi ya daidaita.

Masu Tecno da Infinix, ban manta da ku ba. Ku sayi maƙalin waya mai ɗaurewa da kusa, ya fi mai sifirin riƙo.

Idan ka je saye, ko a Kano ko a Katsina, ka tafi da kyamararka. Ka miƙe sandar duka, ka kulle, ka danna ta ƙasa da ƙarfi. Idan wata gaɓa ta zame ko kaɗan, ka ajiye musu kayansu. Mai saye ta intanet kuma ya nemi a turo masa bidiyon wannan gwaji kafin ya tura kuɗi.

Abu na ƙarshe, tsayuwa. Monofod tana kashe rawar sama da ƙasa ne, ta gefe kuwa aikinka ce. Ka ware ƙafafunka, ka sa sandar a gaba kaɗan ta karkato wajenka, ku zama ƙafa uku kai da ita. Gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, igiya a wuyan hannu. Ka gwada a gida da yara suna gudu, tun kafin ranar aiki. Ranar hawa kuma ido ɗaya a kyamara, ɗaya a kan dawakai, kuma duk inda dogari ya ce a matsa, a matsa. Babu hoton da ya kai lafiyarka.

Nan za mu tsaya. Wanda yake da monofod ya gaya mana wane irin makulli ne ya fi jure masa ƙura, don 'yan baya su amfana. Ku tura wa abokin sana'arku. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a nema. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.