Ba Kullum Muke Ganin Juna Ba, Amma Aikinmu Ɗaya

Jawabin da aka gabatar a madadin 'yan ƙungiya masu zama kasuwa, ranar bikin zagayowar kafa ƙungiyarmu a Rijiyar Zaki

Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da suka bar mu muka fito, da 'ya'yanmu da ke can baya suna leƙe, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. An ce mu 'yan kasuwa mu yi magana. To, ku yi haƙuri da karatunmu, da girmanmu muka koye shi a ajin yaƙi da jahilci, amma da hannunmu muka rubuta takardar nan.

Kun san yadda ƙungiyar nan take. Wasunmu na cikin gida ba sa fita, su ne masu suyar gyaɗa da matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli. Wasunmu na ƙauyukan da ke kewaye, sai a yi wata ba mu haɗu ba. Mu kuma muna bakin kasuwa, mu saro gyaɗa a Dawanau, mu sayar da abin da aka sarrafa. Lokacin korona mun ji a rediyo wai ma'aikatan ofis a Legas da Ingila sun koma aiki daga gida, ana ta zuzuta abin kamar sabo. Dariya muka yi, don kakanninmu ma a tsakar gida suka yi sana'arsu, yara na kai talla suna kawo ciniki. Sai dai aikin mutanen da ba sa ganin juna yana da saurin tsinkewa, kuma sau biyu namu ya kusa tsinkewa.

Na farko a watan Afrilun 2020 ne, da aka rufe Kano, ga azumi ya kama. A lokacin lissafinmu duk yana kan uwar adashi. Ita ta san wadda ta yi zubi, ita ta san wadda ake bi bashi, kuma a ka take riƙe da shi. Allah ya kawo mata rashin lafiya, ba damar zuwa gaishe ta balle a tambaye ta lissafi. Muka zauna a duhu har ta warke. Daga nan ne wasunmu suka cire kunya suka shiga aji.

Na biyu ya fi zafi. A farkon 2023 aka shiga wahalar takardun kuɗi, bayan an canza 'yan ɗari biyu da ɗari biyar da dubu. Tsohon kuɗi ana gudunsa, sabo ba a ganinsa, mai POS kuma sai ya cire nasa kafin ya miƙo miki naki. Masu sayen mai suka koma taransifa. Mu da ke kasuwa muna da asusu, kuɗi na faɗowa a wayoyinmu. 'Yan'uwanmu na cikin gida kuwa da yawa ba su da asusun banki, wata wayar ma ta maigida ce. Sun aiko da jarkokin mai, sati ya zagayo, yaro ya koma musu hannu rabbana. Mu muna ganin alat hankalinmu kwance, su ba su ga ko sisi ba.

Nan muka yi kuskure, kuma gara mu faɗe shi a gabanku. A rumfa ɗaya muka zauna, mu da muke ganin juna kullum, muka yanke a ɗage kwasar adashi sai kuɗi ya samu. Ba mu tambayi kowa ba. Ashe wadda layi ya zo kanta ta riga ta yi alkawarin kayan ɗakin 'yarta da kuɗin nan. A bakin yaro ta ji labari. Ba ta yi faɗa ba, shiru ta yi, ta daina aiko da mai. Maƙwabtanta suka bi sahunta. Mu kuwa muka ɗauka gyaɗa ce ta yanke musu. Sai da wata dattijuwa cikinmu ta taka har gidan, ta dawo ta wanke mu tas, ta ce muna nan muna ƙirga alat gida na rushewa. Muka je muka ba da haƙuri. A tsakar gidanta muka buɗe wayoyi, aka karanta mata kowane kuɗi da ya shigo, aka tura kasonta kai tsaye ga mai kayan. Alhamdulillahi an kai amarya da kayanta, kuma yau uwar amarya tana zaune cikinmu.

Tun daga ranar muka ɗaure wa kanmu wasu abubuwa. Littafin lissafi biyu ne yanzu, ɗaya a kasuwa, ɗaya a hannun ta cikin gida, kuma ana gwama su. Duk ranar zubi ana karanta lissafin a saƙon murya na WhatsApp, don wadda ba ta iya karatu ba ta ji da kunnenta. Duk mai babbar waya an haɗa ta da maƙwabciyar da ba ta da ita, dole ta kai mata saƙon kafin a kwana. Maganar kuɗi ba a yanke ta a rumfa, sai an ji ta bakin na gida da na ƙauye. In kuma aka ji ɗayarmu shiru sati guda, ba a cewa lafiya ce ke ɓuya, tashi ake yi a je.

Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, wasu suka ce a soke taron wata-wata tunda ga waya. Muka ce a'a. Waya tana kai lissafi, amma ba ta nuna miki ramar 'yar'uwarki. Zumunci a ƙafa yake. Sai muka mai da taron zagaye, wannan wata a unguwar nan, wata mai zuwa a ƙauyen can, ana haɗa wa na nesa kuɗin mota.

Roƙonmu uku ne. Mazajenmu, don Allah ku taimaka wa matanku su yi katin ɗan ƙasa su buɗe asusu da sunansu. 'Ya'yanmu, in saƙo ya shigo ku karanta wa iyayenku shi yadda yake, ba ragi ba ƙari. 'Yan'uwa kuma, aji na nan a buɗe, mu ma da furfura ta fara leƙo mana muka zauna a kan tabarmarsa.

Allah ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan da su suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya sa albarka a sana'armu, ya maimaita mana baɗi muna tare. Wassalamu alaikum.