Alƙaluma a Matsayin Hujja: Darasi Daga Ƙasar Tofa



Ƙidayar jama'a ta 2006 ta sami mutum 97,734 a Ƙaramar Hukumar Tofa, wadda faɗinta murabba'in kilomita 202 ne. In aka raba, rabon kowa kimanin ɗaya bisa biyar na hekta ne, har da filin gidaje da hanyoyi. Ɗalibi yakan ga wannan adadi ya yanke hukunci nan take, wai ƙasa ta gaji, yunwa na tafe. To, a nan aikin malami yake farawa, domin adadin bai faɗi haka ba.

Sai a sa shi ya zana layin yawan jama'a, sa'an nan a tambaye shi ina layin amfanin gona. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya tarar manoma suna noma gona guda kowace damina ba hutu, suna ciyar da ita da takin dabbobi da toka da sharar birni da jakai ke kaiwa. Zanen da ya bar wannan a waje rabin magana ya yi.

Rabon nan ma a takarda kawai yake daidai. Polly Hill ta nuna a littafinta na 1977 cewa a Ɗorayi wasu magidanta na da gonaki da yawa, wasu kuwa ba su da ko ɗaya. Saboda haka a hana ɗalibi tsayawa kan matsakaici, sai ya jera gidajen daki-daki.