Jawabin Kwamitin Matasa Kan Ziyarar Dam Ɗin Eleyele



Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, shugaban taro, malamai da dattawa, shugabannin 'yan kasuwa, iyayenmu mata, 'yan'uwa baki ɗaya, barkanmu da wannan zama. An ba mu ɗan lokaci mu yi bayanin fitar da muka yi da yaranmu zuwa dam ɗin Eleyele, da abin da muka gano a can, da kuma abin da muke roƙon wannan taro. Muna neman afuwa tun yanzu, domin akwai maganar da ba za ta yi wa iyaye daɗi ba, amma dole a faɗe ta.

Da farko dai, bari mu tuna wa juna wurin da muke magana a kai. An kafa unguwarmu ta Sabo a nan Ibadan a shekarar 1916. Shi kuwa dam ɗin Eleyele a 1942 aka kammala shi, lokacin da aka datse Kogin Ona domin a samar wa gari ruwan sha. Kun ga ke nan zuwa ya yi ya tarar da mu. Da gari ya ƙara girma sai aka yi na Asejire a kan Kogin Osun, ta hanyar Ife, aka buɗe shi a 1972. Daga Sabo zuwa Eleyele tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Amma a cikinmu akwai wanda ya shekara 30 a garin nan bai taɓa ganin ruwan da idonsa ba, kullum daga gida sai shago, daga shago sai gida. Mu ma da muke tsaye a nan, rabinmu ranar ce zuwanmu na farko.

Mun tashi da sassafe ran Asabar da yara 24. Kafin ranar mun je mun gai da masu kula da wurin mun nemi izini, domin ruwan sha ne na jama'a, ba tafkin gidan kowa ba. Mun fara da tattaki, muka bi hanyar ƙafa cikin itatuwa muka hau tudu. Daga can sama mutum yana hango ruwan shimfiɗe, ga balbelu a gefe, ga rufin kwanon gidajen Ibadan iyakar ganinka. Wallahi iskar wurin kaɗai ta isa magani ga wanda ya saba da hayaƙin Mokola.

Da muka sauko sai muka iske masunta suna fitowa da kamun safe, akasari karfasa da tarwaɗa. Sun karɓe mu hannu bibbiyu. Yaranmu ne ma suka yi mana tafinta, don kun san sun fi mu jin Yarbanci. Wani dattijo cikinsu ya nuna musu yadda ake jefa birgi ya buɗe kamar faifai, da yadda ake sa tana a ƙugiya. Ya kuma gaya musu cewa masunci na gari ba ya amfani da raga mai ƙananan ido, domin in ka kwashe 'ya'yan kifi bana, baɗi sai ka dawo da kwando wayam. Abin da bai yi mana daɗi ba shi ne leda da robar ruwa da muka gani sun taru cikin kainuwa a bakin gaɓa. Kogin nan yana ratsa unguwanni kafin ya iso dam, saboda haka sharar da aka zuba a kwata ba ɓacewa take yi ba. Yaran sun ga wannan da idonsu, kuma ya fi musu wa'azi goma.

To, jama'a, ga inda maganar take. Da muka zauna cin abinci a inuwa, sai muka ce duk wanda ya iya iyo ya ɗaga hannu. Hannu 3 muka gani. Sai muka ce, to wa ya taɓa zuwa nan ya shiga ruwa ba da sanin gida ba? Aka yi tsit, ana kallon juna. Da muka yi alkawarin ba za mu kai ƙarar kowa ba, sai ga hannu 11. Ku auna wannan da kanku. Mu muna shago muna zaton suna makarantar allo ko wajen ƙwallo, su kuwa suna bakin ruwan da ya fi ƙarfinsu. Iyayenmu da suka taso a bakin gulbi a Argungu ko Yawuri, da ruwa suka buɗi ido, manya suna tsaye a kansu har suka ƙware. Namu yaran a kan kwalta aka haife su, sha'awar ruwa suka gada, ba su gaji iyawar ba.

Haɗarin wurin iri uku ne, kuma ya kamata kowane uba da kowace uwa su san su.

Na ɗaya, nutsewa. Dam ba kamar rafi ba ne. Yaro zai taka ruwa iya gwiwa, taku biyu a gaba ƙasa ta ɓace masa. Ga laka mai riƙe ƙafa, ga ciyawa mai naɗe mutum. Da damina kuma abin ya fi muni, musamman kusa da inda ruwa ke malala in dam ya cika. Ba mu manta da ambaliyar Ogunpa ta 1980 ba, balle ta daren 26 ga Agusta 2011, wadda ta ci rayuka fiye da 100 a garin nan, ta tafi da gadar Apete, shi kansa dam ɗin sai da ta yi masa ɓarna.

Na biyu, kwalekwale. Mun shiga, kuma akwai daɗi, ba za mu ɓoye ba. Amma mun raba yaran biyar biyar, kowane rukuni da babba ɗaya, da rigunan ceto da muka aro. Duk da haka wani yaro ya miƙe tsaye zai ɗauki hoto da waya, jirgi ya karkata har ruwa ya shigo, sai da matuƙin ya daka masa tsawa ya zauna. Allah ya kiyaye. Abin da ke kifar da jirgi ba ya wuce lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da motsi ba dalili. Kowa ya ji labarin 'yan biki fiye da 100 da suka rasu a Kogin Kwara wajen Patigi a watan Yuni 2023. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Na uku, tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan dodon-koɗi da ke zaune a ruwan da ba ya gudu, ta shiga ta fatar mai wanka. Tsohon zancen nan cewa fitsarin jini alamar balaga ce, ba gaskiya ba ne. Ciwo ne, yana lalata mafitsara in an bar shi, kuma yana da magani a asibiti, ana kiransa praziquantel. Wanda ya ga haka ga ɗansa kada ya tsaya jiƙe-jiƙe.

Wani zai ce ai sai a hana su zuwa kawai. Ranka ya daɗe, an daɗe ana hanawa, ga sakamakon nan mun gani, hannu 11. Bulala ba ta cire sha'awa, ɓoyewa take koya wa yaro. Shawararmu ita ce mu riƙa kai su da kanmu, da rana tsaka, bisa tsari, su ga ruwa su san girmansa.

Saboda haka abu huɗu muke roƙo. A taimaka a saya wa ƙungiya rigunan ceto 10, a ajiye a ofis. A amince mana da fita sau 2 a shekara, duka da rani, ɗaya Eleyele ɗaya Asejire. A nemo wurin koyon iyo mai tsabta da mai koyarwa, a fara da yaran nan da suka ɗaga hannu. Sannan iyayenmu mata su zaɓo waɗanda za su raka 'yan mata ranar tasu fitar, domin su ma suna da haƙƙin shan iska. A wurin fita kuwa dokarmu ba ta canzawa: ba wanka a dam, ba shiga jirgi sai da riga, kowa ya dawo da shararsa a leda, kuma a baro wurin kafin la'asar sakaliya.

Littafin gudummawa yana hannun ma'aji, komai ƙanƙantar abu za a karɓa. Muna godiya ga direbobin da suka kai mu kyauta, da iyayenmu mata da suka dafa abincin tafiya. In mun yi kuskure a yafe mana. Allah ya raya mana zuri'a, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.